Fuskar Agogon Nehemiya

Abbare, Jalingo

Zuwa ga Yaya Ƙauna,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Yaya jikin Mama da ƙafar nan tata? Yaya yara?

Har yanzu ba labarin maigidana Nehemiya tun da kwalekwalensu ya kife a kogin Binuwai. Jiya aka kira ni asibiti. Masunta sun tsamo wani mutum, ruwa ya ɓata shi, ba ya ganuwa. Ba su bari na gan shi ba, agogon hannunsa kawai suka miƙo mini.

Kin san Nehemiya da tsohon agogon babansa. Na sha yi masa tsiya cewa ya fi kallon fuskar agogon nan a kan tawa. Shi ya koya mini cewa irinsa ba su da yawa, kuma ta fuska ake bambance su. Na ɗauko hoton bikinmu, inda ya ɗora hannu a kafaɗata, na zauna ina gwadawa. Jiki ɗaya, maɗauri iri ɗaya. Amma nasa lambobi gare shi, da ɗan rubutu a ƙarƙashin shida. Wannan kuwa 'yan layuka ne, ba rubutu.

Na ce musu ba shi ba ne. Ban yi murna ba, Yaya, ban yi kuka ba. Na dawo na tuƙa tuwo har da nasa.

Ƙanwarki,
Margaret

Yaya Ƙauna,

Ina gaishe ki, da fatan kun tashi lafiya ke da Mama.

Nathaniel, ƙanen Nehemiya, bai gamsu ba. Ya karɓo agogon, muka kai wa Malam Abdulmuttalib mai gyara a unguwar Sarkin Dawaki. Dattijon ya maƙala gilashi a ido, ya daɗe bai ɗago ba. Sannan ya jawo durowa, ya warware wata auduga. Fuskar agogo ce a ciki, mai lambobi da rubutu a ƙarƙashin shida, duk ta yi tsatsa.

Ya ce ainihin fuskar wannan agogon ke nan, daminar bara danshi ya cinye ta, shi ya sa wa Nehemiya wata kafin a samo irinta daga Kano. Wai Nehemiya kunyar sabuwar yake ji, shi ya sa ya koma ɗaura agogon fuska ciki. Ni da na ga haka, na ɗauka sabon iyayi ne.

Na yi wa dattijon godiya, har na tambaye shi iyali. Yau da safe na koma asibiti na ce mijina ne.

Ranar Asabar za a binne shi. Ki gaya wa Mama a hankali. Ki zo da wuri, ko in na gan ki kukan zai zo.

Taki,
Margaret