Abin da Mai Wanka Ya Gani a Bayan Kassim

Tremont, Bronx
9 ga Maris, 2015

Zuwa ga Yaya Alhaji Tamimu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Hajiya da yara. Ya aiki, ya sanyi? Allah Ya sa tasinka na samun fasinja a filin jirgin sama na JFK.

Na san za ka yi mamakin takarda daga matar ƙaninka, alhali bas ɗaya ke tsakanin gidana da naka. Na kira wayarka har na gaji. In kuma na zo gabanka, kai wan mijina ne, ba zan iya ɗaga ido in faɗi abin da ke raina ba. Sai dai in durƙusa in gaishe ka, in sha ruwa, in koma gida da baƙin cikina. Shi ya sa na bar wannan a shagon Barmo da ke Fordham Road, inda kake tsayawa sayen goro.

Maganar marigayi Kassim ce. Ran Asabar 'yarsa Hidaya ta dawo daga Islamiyya tana kuka. Wata yarinya ta ce mata ubanta ɗan ƙwaya ne, shi ya sa ya yanke jiki ya faɗi a titi ya mutu. Yarinya ba ta ƙirƙiro wannan ba, a bakin manya ta ji. Yanzu Hidaya ta ce ita da masallacin nan har abada. In na yi mata magana sai ta amsa da Turanci ta bugo mini ƙofa.

Kai ka san ƙarya ce. A Iraƙi bam ya tashi da motarsu, ƙarafa suka shige masa baya. Mai ba da magani ya ɗaure masa a wurin, ya tambaye shi yaya yake ji, shi kuma ya ce ba komai, yadda aka rene ku a gida, ya ɗauki bindigarsa ya koma. Ba a rubuta ba. Takardar sallamarsa babu rauni a ciki, babu lambar da suke ba sojan da aka ji wa ciwo, wadda suke kira Purple Heart. Ciwon kan da ya dawo da shi, da tangaɗin da yake yi in yana tafiya, su ne mutanenmu suka mayar da su ƙwaya.

Na samu wata lauya mai taimaka wa iyalan tsofaffin sojoji. Ta ce akwai hukumar da ke gyara bayanan soja ko bayan ya mutu. Wani saja da suke mota ɗaya ya rubuta cewa ya ga tashin bam ɗin, ya ga jini a rigar Kassim. Saura wanda ya ga raunin da idonsa, ban da ni, don ni matarsa ce, za a ce son kai ne. Kassim bai taɓa yarda ya je asibiti ba, ko da zafin Yuli ba ya tuɓe riga a gaban mutum. Da ya rasu ka hana likitoci su buɗe gawar, ban kuma yi maka musu ba. Malam Boubacar da ya zuba maka ruwa lokacin da kake wanke gawar, shi ma Allah Ya yi masa cikawa. Saura kai kaɗai.

Ina roƙonka ka rubuta abin da ka gani, ka sa hannu a gaban mai buga hatimin shaida. In lambar ta fito, zan ɗora ta a hannun Hidaya, duk wanda ya isa ya sake kiran ubanta ɗan ƙwaya.

Ka huta lafiya. Taka mai biyayya,
Zuweira

Bronx
22 ga Maris, 2015

Zuwa ga Maman Hidaya,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Saƙonki ya iso, muna lafiya, alhamdu lillahi. Allah Ya jiƙan Kassim, Ya shirya mana Hidaya.

Abin da kika nema ba zai yiwu ba, kuma zan gaya miki dalili don kada ki ce wulaƙanci ne. Tun kafin ki zo ƙasar nan nake wanke wa jama'armu gawa. 'Yan Ghana, 'yan Nijar, 'yan Najeriya, in namiji ya rasu ni ake kira. Ba don na fi kowa karatu ba, sai don an san bakina a rufe yake. Na ga abin da in na faɗa, gidaje za su watse. Ban taɓa faɗa wa ko matata ba.

Za ki ce malamai sun ce aibi ake rufewa, alheri kuwa a faɗe shi. Na sani. Amma ki duba da kyau. In yau na buɗe baki na yabi jikin wani, gobe na wanke wani na yi shiru, me 'yan'uwansa za su ɗauka? Za su ce Alhaji ya ga abin kunya. Shi ya sa ba na faɗin mai kyau, ba na faɗin maras kyau. Ranar da na sa hannu a takarda na kai wa Turawa siffar bayan mamaci, babu uban da zai sake miƙo mini ɗansa, kuma ba zan ga laifinsa ba.

Sannan ba zan ɓoye miki ba, ni ban taɓa son aikin sojan nan ba. Na hana shi, ya ƙi ji. Ya tafi ƙasar Musulmi da bindiga. Yanzu kuma kina so in taya ki neman ƙarfen da za a rataya a bango saboda wannan tafiyar? Mamaci addu'a yake bukata. Masu surutu kuwa ki bar su da Allah, za su gaji su daina. Hidaya ki turo mini ita in yi mata nasiha.

Ki yi haƙuri. Wassalam.
Alhaji Tamimu

Tremont, Bronx
30 ga Maris, 2015

Yaya Alhaji,

Salamu alaikum. Ina gaisuwa, amma yau gaisuwar gajeriya ce, don raina a ɓace yake.

In yi haƙuri! Tun ranar da aka ɗauki gawarsa nake haƙuri, haƙurin ne ya kawo mu nan. Ka ce za su gaji su daina. Shekara uku ke nan ba su gaji ba, sai ma ƙara wa labarin gishiri suke yi.

Bari in gaya maka abin da ba a faɗa a gabanka. A wajen sunan ɗan A'i ina kicin ina kwasar shinkafa, mata biyu suna bayan ƙofa, ba su san ina ji ba. Ɗaya ta ce, "Ai Alhaji Tamimu ne ya wanke shi. Ɗan'uwansa ne uwa ɗaya uba ɗaya, da bai ga komai ba ai da tuni ya kare shi." Ɗayar ta ce, "An ce sawun allura ya gani a hannu, shi ya sa ya fito idonsa jawur." Ka ji? Shirun naka da kake taƙama da shi, shi suka riƙe a matsayin hujja. Abin da kake tsoron ya sami 'yan'uwan wasu, ya riga ya sami ɗan'uwanka.

Kana zaune a sahun gaba ana cin naman Kassim a sahun baya. Amanar wa kake riƙewa? Ta Kassim, ko ta sunanka na mai wanka?

Zancen Iraƙi kuma, kada ka fara. Ni na kwana da mutumin nan. Ni na ga yadda ba ya iya kwanciya rigingine, sai rub da ciki kamar jariri. Ni nake shafa masa man zafi yana cije filo don kada 'yarsa ta ji. Bai taɓa yabon yaƙin ba, ni ma ba na yabonsa. Ban ce ka ce yaƙin daidai ne ba. Cewa na yi ka faɗi abin da hannunka ya taɓa.

Hidaya ba nasiha take bukata ba. Jiya ta tambaye ni, "Mama, in da gaske ne an ji masa ciwo, me ya sa babu wanda ya sani sai ke?" Ita ma ta fara shakka, Yaya. 'Yar cikinsa.

Lauya ta ce za ta iya aika fayil ɗin haka, amma ba ta sa rai. Ni kuwa ba zan zauna ba. Tunda ba ka jin tawa, akwai wadda za ka ji tata a Kumasi.

Ka gafarce ni in na yi kaushi, amma ban janye ko kalma ɗaya ba.
Zuweira

Bronx
12 ga Afrilu, 2015

Zuweira,

Salam. Ashe abin naki ya kai haka? Kin ɗauki waya kin kira uwarmu Mma, tsohuwa mai hawan jini, kin zazzage mata duk ƙazantar da ake faɗa a Bronx. Shekara uku ina tare mata wannan magana. In na kira ta sai in ce kowa yana yabon Kassim, ta yi hamdala ta kwanta. Yanzu an ce ta daina cin abinci. In wani abu ya same ta, ki sani alhakin a wuyanki yake.

Kuma kin tambaye ni amanar wa nake riƙewa. Ke ba ki shiga ɗakin nan ba. Ba ki san abin da ake ji ba in mutum ya juya ƙaninsa da ya goya a bayansa. Kada ki sake rubuto mini. Na gaya wa Barmo ya daina karɓa.

Tamimu

Zango, Kumasi
3 ga Mayu, 2015

Zuwa ga ɗana Tamimu,

Ina gaishe ka, ina gaishe da iyalinka. Jikata ce ke rubutawa, ni nake faɗa, na kuma ce ta rubuta yadda na faɗa, kada ta gyara. Akosua maƙwabciyarmu za ta taho da takardar nan a jirgi. Ban so waya ba, don a waya sai ka ce to Mma, to Mma, ka kashe, ka yi abin da kake so.

Na ci abinci, kada ka ɗora wa yarinyar mutane laifi. Ba maganarta ce ta hana ni ci ba, taka ce. Kana kira na kana cewa lafiya lau, ashe ana tattaka sunan ɗana kana kallo. Ni ka mayar yarinya?

Jikin da kake cewa amana ne a hannunka, kafin ya zo hannunka a hannuna yake. Ni na fara yi masa wanka. Na san bayan Kassim tun yana ɗan jariri, sumul yake, ko ƙurji babu. Haka na ba ku shi ya tafi Amirka. Ina so a gaya mini yadda aka mayar wa Allah shi. Ni uwarsa ce, ni na ba ka izini. In akwai zunubi a ciki, na ɗauka.

Ka rubuta wa Turawan abin da suke nema. In mutanenku sun daina kiranka wanka, su daina. Allah Zai ba su wani, ni kuwa ba Zai ba ni wani Kassim ba. In ka ƙi, ba zan yi maka baki ba, amma ranar da na mutu kada ka sayi tikitin jirgi, ka yi zamanka.

Allah Ya yi maka albarka, Ya sassauta maka taurin kai.
Uwarka,
Hasiya

Bronx
25 ga Mayu, 2015

Maman Hidaya,

Assalamu alaikum. Na je ofishin lauyarki, na faɗa, an rubuta, na sa hannu. Ta ce hukumar kan ɗauki shekara ko fiye kafin ta amsa, kuma ba ta yi alkawarin komai ba.

Na ga ba zan buɗe wa baƙi abin da na rufe wa 'yan'uwa ba. Ran Juma'a bayan an sallame na miƙe, na karɓi lasifika don a ji har wajen mata. Na ce ni na wanke Kassim. Na ce hannayensa biyu babu sawun komai. Na ce daga kafaɗarsa ta hagu har ƙugu tabo ne a kan tabo, kuma da na bi da ƙyalle na ji ƙarafa a ƙarƙashin fata kamar tsakuwa. Na ce duk wanda ya ce ƙwaya, ya tashi yanzu ya faɗa a gabana. Babu wanda ya tashi.

Shekaranjiya an yi rasuwa a gidan Abdulmumini. Wani aka kira wankan, ni a bakin direbobi na ji.

Kada ki yi mini godiya, har yanzu ina fushi da ke. Amma ki karanta wa Hidaya wannan, ki fassara mata inda ba ta gane ba. Ki ce mata Baba Tamimu ya ce ba ji ya yi ba, da hannunsa ya taɓa.

Wassalam.
Tamimu