Alalar Filin Ƙwallo ta Kwantar da Mahaifina

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Gasar Ƙwallon Unguwanni,
Filin Bayan Tasha, Jibiya.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da sauran 'yan kwamiti. Ni mai facin taya ne a kan hanyar boda, kuma ina cikin masu biyan kuɗin ƙofa a filinku. Na yi ta zarya ofishinka, kullum sai a ce ka tafi Katsina. Shi ya sa na rubuta a fili, kowa ya karanta. Ka yi haƙuri idan alƙalamin ya yi kaifi, raina ne a ɓace.

Maganar mahaifina ce. Manomi ne a wani ƙauye bayan Farfaru, har 'yan bindiga suka tashe su, suka ƙone rumbuna, ya iso wajena da rigar jikinsa kaɗai. Mutumin da bai saba wuni a zaune ba ya koma zaman zaure, ba magana, abinci ma sai an yi da gaske. Wata rana na ɗora shi a babur na kai shi filinku don kawai ya ga mutane. Bai san dokar ƙwallo ba, har gobe ma bai sani ba, duk ɗan wasan da aka kayar shi yake goya wa baya. Amma a can na fara jin dariyarsa tun da ya baro gida. Daga nan, ranar wasa tun azahar yake saka hula ya zauna jirana.

Ƙorafina na farko, maganar wuta. A da, mata suna soya awara da ƙosai daga cikin katanga, ga wani mai tsire ɗan Maraɗi a kusa da su. Mutum yana tsaye za a kwaso masa daga kasko, yana ci yana hura hannu. Sai kwamitinku ya hana kunna wuta a filin, wai saboda jarkokin fetur da 'yan bumburutu suke jerawa a jikin katangar ta waje. Tsoron gobara gaskiya ne, ban musa ba. Amma an bar jaki ana dukan taiki. Jarkokin suna nan inda suke, har sun ƙaru, matan ne aka kora.

Na biyu, abin da ya maye gurbinsu. Mutum ɗaya kuka ba izinin sayar da abinci. A gida ake dafawa tun da sassafe, a ƙulla a leda, a danna a manyan kuloli, a ajiye a rana. Wasan da aka ce bayan la'asar, sai an gama jiran alƙalin wasa da rigimar riguna kafin a take. Lokacin da za a buɗe kula, shinkafa da wake ta fara yauƙi, zoɓo ya yi ɗumi kamar shayi. Abin da ya yi kwantai kuma ba a zubarwa, gobe za a sake kawo mana shi. Masu gadin ƙofa suna laluben mutane saboda makami, wannan daidai ne a halin da muke ciki, amma har ƙullin gyaɗa suke karɓewa. Wanda ya fita neman abinci kuwa, sai ya sake biya kafin ya dawo. To, ina mai jin yunwa zai nufa?

Na uku shi ne ya hana ni barci. Ranar da matasan Daddara suka kara da direbobin Maraɗi, na saya mana alala ƙulli biyu. Ina kwance tawa na ji tsami ya doki hancina, na jefar. Ko da na waiga, tsohon ya ci rabin tasa. Na kai hannu zan karɓe, ya riƙe hannuna, ya ce wanda ya tsaya yana kallon hatsinsa na cin wuta ba ya zubar da abinci. Ya cinye tas, har ya yi hamdala. Ba mu kai ƙarshen wasan ba. Amai da gudawa suka sako shi gaba, na ɗauke shi a kafaɗa ta cikin jama'a, mutane suna darewa suna toshe hanci. Dattijo mai furfura, a gaban sa'annin 'ya'yan cikinsa. Wannan kunyar ta fi masa ciwon zafi.

A asibiti an yi ta yi masa ƙarin ruwa. A ɗakin na tarar da wasu daga cikin baƙin namu direbobi, su ma alalar ce ta kawo su. Ɗaya a kwance aka tsallaka da shi boda, a bayan motar da ya tuƙo da kansa. Haka muka karrama maƙwabta.

An sallamo mahaifina, amma ƙafafun sun ƙi komawa daidai. A zaune yake salla. Gidanmu ba shi da nisa da filin, don haka duk ihun da aka yi yana shigowa har zaure. Sai ya ɗaga kai ya tambaya wa ya ci, a rasa mai ba shi amsa, ya sake kwanciya. Shirun nan da na sha wahala na raba shi da shi ya dawo, kuma ina tsoron a wannan karon ba zai tafi ba.

Da na kai kuka wajen wani ɗan kwamitinku, cewa ya yi raunin cikin tsofaffi ne, kuma ƙaddara ce. Mun yi imani da ƙaddara. Amma ba ƙaddara ce ta dafa alala da asuba ta ajiye ta a rana har yamma ba.

Ranka ya daɗe, ban zo neman diyya ba. Roƙona shi ne a matsar da jarkokin fetur daga jikin katanga, a ware wa masu suya kusurwa ɗaya nesa da 'yan kallo, su kunna wutarsu mu ga abin da za mu ci. Idan hakan ya gagara, a bar mutum ya shigo da ƙunshinsa daga gida. Kuma kafin nan, ina roƙonka ka zo da kanka ranar wasa, ka buɗe kular nan ana dab da tashi, ka sansana. Ba sai ka ci ba.

An ce wasan ƙarshe ya kusa. Jiya tsohon ya ce in sa a wanke masa farar rigarsa, ko da a kujera ne a kai shi. An wanke, an goge, tana rataye a ƙusa inda idonsa yake kaiwa. Ban ce masa e ba, ban ce a'a ba. Amsar tana wajenka.

Allah ya yi maka jagora, ya ba ka ikon gyarawa, ya bar ka da iyayenka cikin lafiya, kada ya nuna maka ranar da za ka ɗauki naka a kafaɗa a gaban taro.

Wassalam.

Naka,
Lawal Mai Faci,
Hanyar Boda, Jibiya.