Rigar Ordinatar Ce Take Cinye Muryar Tanti Bibata

Zuwa ga Hajiya Diraktiris, shugabar fwayen mata na unguwarmu, gidan koyon sana'a, nan Gaya.

Assalamu alaikum. Hajiya ina wuni, ya gida, ya jikin Alhaji, ya muka ji da wannan zafi? Ni ce Nafisa 'yar gidan Malam Sani mai ɗinkin koma, ta ajin sabulu, wadda kika ce kada ta ƙara taka ƙofar fwaye. Na je gida an ce kin kwanta, na tura saƙon murya ba a buɗe ba, shi ya sa na rubuta a nan gurup ɗinmu na salula inda kowa zai gani. Ki yi haƙuri da rubutun, a aji shida na bar lekol.

Don waɗanda ba 'yan ajinmu ba: tun da aka rufe iyaka, Tanti Bibata mai koya mana haɗa sabulu ta daina tahowa daga Malanbil ta tsallaken kogi. Gada a rufe, ƙafarta kuma ba ta iya hawan kwale-kwale. Sai take ɗaukar darasi a bidiyo ta turo, mu kalla a ordinatar, wato kwamfutar nan ta hannu, da wani babban soja ya kawo mana kyauta ranar da ya zo ziyara. Allah ya saka masa da alheri, ba da shi nake ba.

Na ɗaya. Ordinatar tana ƙara. In an kunna bidiyo, da farko lafiya lau, can sai muryar ta fara ƙarrr-ƙarrr kamar an jefa ɗanyen kifi cikin mai, hoton ma ya riƙa tsayawa. Kuma kin san Tanti, ba ta fara darasi sai ta gaida kowa da sunanta, ta tambayi yara, ta tambayi ruwan kogi, ta ba da labarin ƙafarta. Gaisuwar nan duk muna jin ta tas. Daidai inda za ta faɗi awon soda da na ruwa, nan ƙarar take tasowa.

Na biyu. Soda ba abin wasa ba ce. Inna Zali, mai zuwa daga Bengu a kabu-kabu, da can abinci take sayar wa direbobin manyan motoci a bakin gada, yanzu ba motocin, sabulun nan ta sa wa rai. Ta ji rabin awo ta cike sauran da kanta. Sabulun ya fito fari gwanin kyau, ta wanke kaya da shi, ya saɓule mata fatar yatsu. Kin ga hannun da idonki, ke kika ba ta man shafawa. Ni ranar har na yi hawaye.

Na uku. Tunda ni aka ɗora wa kunna ordinatar, don an ce ni ce mai danne-danne, ga abin da na gwada. An ce rezo ne, wai intanet ba ƙarfi. Ba rezo ba ne, bidiyon yana cikinta, ko an kashe intanet yana tashi. An ce daga wajen Tanti ya taho da ƙara. Na kunna shi a salulata daga farko har ƙarshe, ko kaɗan babu. An ce bafal ne, wato abin ƙara sautin nan. Na cire shi na sa abin kunne, ƙarar tana nan. Na sake wayar caji, na cire ordinatar daga wuta na bar ta a batir, duk ɗaya. Sai kika sa aka kai ta kasuwa wajen mai gyara. Ina tsaye ya kunna ta a teburinsa ta yi magana garau, ya maido ta ya ce lafiyarta ƙalau. Muna kunnawa ta koma. Daga nan aka fara cewa hannuna ne, wai ina cusa mata waƙoƙi. Wallahi Hajiya ko ɗaya ban sa ba.

Na huɗu, kuma ita ce maganar. Rigar nan da 'yan ajin ɗinki suka tanadar wa ordinatar don ranar ziyara, mai launin tutarmu, da soso a ciki, da matashin da take zama a kai. Ta yi kyau, ni ma na ɗauki hotonta na sa a salula. Baƙon ya yaba, tun daga ranar kika ce kada a ƙara ganin ta tsirara, ko ana aiki murfin kaɗai ake buɗewa. To ashe a ƙarƙashinta da gefenta akwai 'yan ramuka da take shan iska, da 'yar fanka a ciki. Rigar ta toshe su duka. Na sa hannu ƙarƙashinta ana cikin darasi, kamar murfin tukunya. Na bincika a salula, na ji masu gyara da yawa suna cewa in ta yi zafi sai ta rage gudu, murya ta riƙa kakkaryewa. Sai na tuna mai gyaran kasuwa ai sai da ya tuɓe ta kafin ya kunna.

Na biyar. Ranar da kika fita sallar azahar, na cire rigar, na ninke ta, na ajiye a kan kujera. Na ɗora ordinatar kan sabulu biyu don iska ta shiga. Mun kalli Tanti tun daga gaisuwa har ta zuba a mazubi, ba ƙara. Inna Zali ta ce a maimaita mata wajen awon, aka maimaita, ta yi ta gyaɗa kai. Ana cikin haka kika shigo. Kafin ki shigo wata ta zauna a kujerar ba ta lura ba, kika tarar da rigar a ƙarƙashinta. Ba zan faɗi sunanta ba, ba da gangan ta yi ba. Kika ce, “Ke Nafisa, tutar ƙasa kika mayar abin zama?” Ba ki tsaya kin ji muryar da ke fita ba.

Hajiya, na san tsoro kika ji, kada wani ya ɗauka a hoto ya yaɗa a rufe mana fwaye. Ban ga laifinki ba a nan. Amma maganar ta fita. A bakin famfo ana cewa 'yar Malam Sani ta wulaƙanta tuta, kuma kin san a zamanin nan irin wannan magana ba ta tsayawa inda aka faɗe ta. Babana ya daina zama majalisarsu ta bakin kogi. Innata ta hana ni zuwa kasuwa. 'Yan ajinmu kuwa da la'asar suke zuwa gidanmu, mu haɗa kai a kan salulata mai fasasshen gilashi, wasu su ji, wasu su gani.

Abin da nake roƙo ba yawa. Ki tara ajin, ke da hannunki ki cire rigar, a kunna bidiyon har ƙarshe. Ban ce na san komai ba, in kina so a kira mai gyaran ya tsaya. In ta yi ƙara zan ɗauki bokitina in tafi, ba sai an kore ni ba. In ba ta yi ba, a riƙa sa mata rigar in an gama aiki, ta kare ta daga ƙura, ko a rataye a bango kowa ya gani. Sannan ki faɗa da bakinki, nan cikin gurup, cewa ban wulaƙanta komai ba. Ba na son a ba ni haƙuri, ke uwata ce. Maganarki ɗaya ta ishi unguwar nan.

Allah ya ƙara miki lafiya da girma, ya ba Alhaji sauƙi, ya raya miki su Aisha, ya buɗe mana hanya Tanti ta dawo ta yi mana gaisuwarta baki da baki. Ranar Asabar da safe zan zo in tsaya a bakin ƙofa. Ba zan shiga ba sai kin ce in shigo.

Wassalam, 'yarki Nafisa.