Likita Mace Aka Ce Mini, Ƙafafun Maza Na Gani

Zuwa ga Likita, shugabar wani asibitin fata da dashen gashi a Abuja.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ke da iyalinki da ma'aikatanki. Ban ambaci sunanki ko na asibitin ba, don ba tozarci ya kawo ni ba, ke dai za ki gane kanki. Na rubuto a fili ne saboda na buga waya har na gaji, kullum sai a ce mini kina ɗakin tiyata. Ni kuwa na taɓa kwanciya a ɗakin nan, na san ba lalle ba ne kina ciki.

Ni tsohuwar malamar firamare ce, haifaffiyar Daura. Na koyar a garin Babban Mutum kafin a dawo da ni gida, inda na yi ritaya. Kitso ne ya cinye mini gashin gaba. Tun muna 'yammata ake ja mana shi har ido ya ɗage, mu ce ado ne, da girma ya zo sai goshina ya ja baya ta gefe biyu. Ƙawayena sun sha dariya da na ce zan je dashe, wai wa ke ganin kan nawa? Gaskiyarsu, ko biki ko suna ba mai ganina ba ɗankwali da hijabi. Amma ni ina ganinsa a madubi, maigidana ma yana gani, kuma wannan ya ishe ni dalili.

1. Abin da aka ce mini. Maigidana Alhaji hatsi yake saye a kasuwar Mai'adua, ba mai yawan magana ba ne. Da na nemi izininsa bai musa ba, sharaɗi guda ya gindaya: mace ce za ta yi. Ko bai faɗa ba haka abin yake a raina. Akwai wuraren da suka fi naki kusa, muka wuce su saboda tallanku ya ce likitar tiyata mace ce. Ranar da muka fara zuwa na tambaye ki baki da baki, a gaban Alhaji, ko ke za ki yi aikin. Kika ce ƙwarai, aikin a hannunki yake. Ni ba na kunyar tambaya, sana'ata ce shekara da shekaru, don haka na ƙara da ko akwai namiji a ɗakin. Kika yi murmushi kika ce in kwantar da hankalina. Yanzu na gane wannan ba amsa ba ce, amma a ranar amsa na ɗauke ta.

2. Abin da aka yi. Ranar aiki kin shigo da safe, kin zana layi a goshina, kin yi mini allurar kashe zafi da hannunki. Wannan ba zan hana ki shi ba. Sai aka kwantar da ni rub da ciki a gadon nan mai rami a wajen fuska, tunda daga ƙeya ake ciro saiwar gashin da za a dasa a gaba. Wanda ke kwance haka ba abin da yake gani sai ƙasa. Ina kallo takalminki ya juya ya fita. Can sai ga ƙafafun mutum biyu cikin takalman roba, manya-manya, da bakin koren wando. Na yi ta rarrashin kaina cewa ai akwai mata masu manyan ƙafafu, har ɗaya ya buɗe baki ya ce ɗan'uwansa ya miƙo masa auduga. Na ce ina Likita? Ya ce tana zuwa, kada in motsa, injin ciro saiwar na kan fata. Ban motsa ba. An riga an aske ƙeyar, ana tsakiyar huda, jini na bin bayan kunnena, ina zan tashi in nufa? Su suka ciro saiwar, su suka juya ni rigingine, su suka huda goshin suka dasa. Kin leƙo wajen azahar kin ce aiki na kyau, ban sake ganinki ba sai da la'asar, ana naɗe mini kai. Na ji kunya ranar nan irin wadda ban taɓa ji ba, na kuma ji haushi.

3. Kada a fahimce ni baibai. Ba ni da rigima da mutanen nan biyu da kuke kira teknishiyan. Ba su yi mini rashin ladabi ba, aiki aka sa su suka yi. Na kuma san dashe ba aikin mutum ɗaya ba ne, dole a sami mai ware saiwa da mai miƙo kaya. Hukuncin larura ma na san shi: namiji ne ya yi mini tiyata a haihuwar autana, ban damu ba, domin rai ake ceto kuma an gaya mini tun kafin a shiga da ni. Gashin goshi ba rai ba ne. Da kin ce mini a asibitinki mataimaka maza ne ke huda da dashe, ke taki zana layi ce da leƙowa, wallahi da na gode miki, na ɗaura ɗankwalina na koma Daura, ba wanda ya cuci wani. Daga baya na tambayi wani tsohon ɗalibina da ya zama likita. Ya ce a ganinsa huda fata da auna yawan saiwar da za a ciro aikin likita ne, ko da wurare da yawa sun sakar wa mataimaka. Ban ce ki ɗauki maganarsa ba, wannan tsakaninku ne ku likitoci. Nawa dai shi ne, hannunki aka ce mini, na wasu na samu.

4. Yadda kan yake yau. Gefen dama ya fito, ko da yake gashin a tsaye yake kamar bakin tsintsiya, ba ya kwanciya. Gefen hagu sai tsilli-tsilli. Ƙeya kuma an kwashe ta da yawa a wuri guda har fata na bayyana. Da na dawo dubawa, ke da bakinki kika ce abin da ya rage a ƙeyar gyara ɗaya zai isa, in aka sake kuskure shi ke nan, domin inda aka ciro ba ya sake tsirowa. Kika ce gyaran kyauta ne. Na ce wa zai yi? Kika ce ma'aikatanki ƙwararru ne, kuma haka ake yi ko'ina. Wannan ma ba amsa ba ce, sai dai a wannan karon na gane tun ina zaune.

Buƙatuna ba su da yawa. Ki gaya mini ƙarara, a gyaran nan wa zai ciro saiwar, wa zai huda, wa zai dasa, kuma su wa za su kasance a ɗakin. In ke ce daga farko har ƙarshe, da mataimaka mata, to zan zo. In ba haka tsarinku yake ba, ki faɗa, in bar ragowar gashina inda Allah ya ajiye shi. Sannan ki gyara tallan nan, ko ki riƙa gaya wa duk matar da ta zo gaskiyar yadda ake yi tun tana zaune da ɗankwalinta a kai. Daga yankinmu mata na tahowa, kuma dalilin da ya kawo ni shi ke kawo su.

Akwai abu guda da ba ki sani ba. A mota, kan hanyar komawa gida, na gaya wa Alhaji abin da ya faru. Muka ci gaba da tafiya har muka wuce Zariya. Sannan ya ce ai ya gan su. Yana zaune a kujerar bakin ƙofar ɗakin tiyata mazan suka zo, ya zaci wani ɗaki za su wuce ta ciki, ya janye ƙafarsa ya ba su hanya, har ya yi musu sannu da aiki. Bai taɓa ɗora mini laifi ba, kansa yake ɗora wa. Yanzu ya ce in ina son gyaran zai kai ni, amma zai ja kujerar ya tare ƙofar, duk mai shiga sai ya faɗi ko shi wane ne. Dattijo ne mai jikoki, ko a kasuwa bai taɓa tare wa kowa hanya ba. Ba na so in kai shi Abuja ya zama maigadin kan matarsa, alhali kalma guda daga bakinki ta wadatar.

Allah ya ƙara wa hannunki albarka, ya tsare ki da iyalinki, ya sa mu duka mu iya cika abin da muka faɗa.

Wassalam.

Hajiya Rabi, tsohuwar malamar firamare, Daura.