Motar Gawayi Ta Tsaya a Hawan Buza

Madawa, ƙarshen damina, 1947

Zuwa ga yayana Alhassan, a birnin Kano.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da ban girma, Yaya, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta iske ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Mariama da yara duka. Allah ya ƙara wa kasuwarka albarka, ya tsare ku daga zazzaɓin wannan lokaci. Malam Muntari na bakin kasuwa ke rubuta mini, ni ke faɗa shi ke sawa a takarda, in ka ga magana ta yi tsawo laifin bakina ne, ba na alƙalaminsa ba.

Mu nan lafiya lau muke. Ruwa ya yi kyau bana, hatsi ya fid da kai, gonar Baba ta Karofane har ta fi ta bara. Ƙanenmu Umaru ya fara gyaran rumbu tun yanzu, wai kada kaka ta riske shi a zaune. Ƙafar Gwaggo Yalwa ta yi sauƙi, tana zuwa rijiya da kanta ko an hana ta. Ɗiyata Dela ta yi famfara, kullum tana tambaya yaushe kawunta na Kano zai zo da alewa.

To, ga abin da ya sa na aiko. Ka san motar surukinka, Baban Dela, wadda Balaraben da yake yi wa tuƙi ya sallama masa lokacin yaƙin Nasara, da isansi, wato man mota, ya ɓace a ƙasar nan motoci suka zama kangaye. Ka tafi kafin ka ga abin da aka yi mata. Baban Dela ya taɓa ganin wata dabara a wani garaji a Damagaram, sai ya haɗa kai da Mati, tsohon maƙerin unguwarmu, suka ƙera wata doguwar tukunya ta ƙarfe suka ɗaura a bayan wurin zaman direba. Gawayi ake zubawa ciki a hura, hayaƙin ya bi ta bututu ya shiga moter, wato injin, mota ta tashi. Sai da suka taɓa cikin moter ɗin kansa kafin ya yarda da wannan abinci. Da farko dariya aka yi musu, wai mota ta koma murhu. Amma shekarar da hatsi ya ƙi, ita ce ta riƙa kai dawa Kaita da ƙauyukan kan dutse, har yau akwai tsofaffin da ke sa mata albarka in ta wuce.

Ana gab da shuka ta tsaya. Tana cikin hawan nan na kusa da Buza, ɗauke da albasa da mutane, sai wani abu ya buga a cikinta kamar an saki taɓarya cikin turmi, daga nan ba ta sake motsi ba. Da takarkarai da ƙarfin samarin ƙauyuka aka jawo ta gida. Baban Dela ya shimfiɗa tabarmi a zaure ya kwance moter ɗin gaɓa-gaɓa. Ni da ban san kan mota ba na ga cikinsa ya yi baƙi ƙirin, wani abu mai danƙo kamar kwalta ya liƙe ko'ina, ga tsaga a jikin babban ƙarfen.

Daga ranar gidanmu ya rabu biyu. Mati ya ce tsagar ba ta fi ƙarfin maƙera ba, a ba shi lokaci ya liƙe ta, a wanke sauran a mayar. Wani direba da ke zuwa daga Maraɗi kuma ya ce ɓata lokaci ne, tunda yaƙi ya ƙare ana sayar da motocin soja a Kano, moter ɗinsu ɗaya da namu, ga isansi ya fara dawowa. Ya ce a sa wani moter a sauke tukunyar a huta. Baban Dela ya ƙi ji. Ya ce wannan moter ya san shi kamar yadda ya san tafin hannunsa, ya san kukansa in yana jin ƙishi, ba zai jefar da abin da ya ciyar da mutane cikin yunwa ba. Ya ce kuma isansi baƙo ne, yau yana nan gobe babu, gawayi kuwa ɗan gida ne. Ban ce ƙarya ya faɗa ba, Yaya. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Abin da ban taɓa gaya maka ba shi ne, tun da aka ɗaura tukunyar nan mijina bai ƙara lafiya ba. Kullum ya dawo da ciwon kai, idanu jajur, tari har cikin barci. Tuwo ya kai loma biyu ya ture kwanon. Ya rame, ya yi saurin fushi, Dela ta fara ɓoyewa bayan zanena in ta ji sallamarsa. Wata mai sayar da daddawa ta taɓa ba ni labari a kasuwar Galma cewa ran nan sun ga kansa ya langaɓe bisa sitiyari, sai da aka fito da shi aka yayyafa masa ruwa. Da na tambaye shi ya ce rana ce. Na ce masa hayaƙin nan ne ke cinsa, ya ce mata ba su san mota ba. Ni dai na ci gaba da kai kukana wurin Allah.

To, da motar ta kwanta ba shi da abin yi sai noma. Ya ɗauki hauya ya bi Umaru gona duk tsawon damina, da yamma su zauna da Mati suna kankare ƙarafa. Sannu a hankali tarin ya tafi. Wata rana ya cinye tuwonsa ya ce a ƙaro, har ya tambaye ni ko na sake mai sayar mini da kuka, wai miyar ta yi ƙanshi. Miyar da nake yi ce tun ranar da aka kawo ni gidan. Kumatunsa suka ciko. Dela ta koma hawa wuyansa suna zuwa kallon awaki. Ni na san rabuwa da hayaƙin nan ne, amma in na faɗa zai musa.

Da Mati ya gama liƙinsa aka mayar da moter, aka sa ranar gwaji. Unguwa ta taru a ƙofar gida. Aka zuba gawayi aka hura, hayaƙi ya tashi, Baban Dela ya shiga ya zauna. Motar ta yi tari, ta kama, yara suka yi ta tsalle, Mati yana murmushi yana shafa gemu. Ba a jima ba sai na ga mijina ya kashe ta da kansa. Ya sauko yana dafe da goshi, ya zagaya bayan danga ya yi amai. Ya daɗe zaune a gindin itacen bedi. Da ya shigo gida ya sha ruwa, sai ya ce mini ciwon nan ya dawo daidai inda ya bar shi, a da ya zaci haka kan kowane direba yake, ya manta yadda lafiya take sai bana. Ya ce in aika wa Yaya Alhassan, zai zo Kano.

Abin da ya fi damunsa shi ne Mati, don tsohon ya zuba ƙarfinsa a gyaran nan. Ya je maƙera yana ta kewaye-kewaye, Mati ya katse shi. Ya ce shi ma ya ga wurin liƙin yana gumi tun motar ba ta yi zafi ba, da wuya ya kai ta Kaita ya dawo. Ya ce ƙarfe ana sake ƙera shi, mutum kuwa ba a kai shi maƙera. Abu ɗaya ya roƙa, in sabon moter ya zo a bar shi ya ƙera masa ƙafafun da zai zauna a kai.

Saboda haka, Yaya, roƙona biyu ne. Na farko, in an gama yankan hatsi zai taso ta Maraɗi da Katsina. Ka sauke shi, ka haɗa shi da mai amana wanda ya san inda ake sayar da waɗannan kaya, a tada moter ɗin a gabansa ya ji kukansa da kunnensa. Na biyu, shanun da Inna ta bar mana, da ke hannun Bafillacen nan na Karofane, sun yi albarka. Ina neman izininka in fid da bijimin da ke cikin rabona a sayar, a cika kuɗin moter. Shi bai sani ba tukuna, kuma na san zai yi gardama, amma in ya ji da yardarka aka yi zai sauko.

Ka gaishe mini da Mariama, ka ce na gode da atamfar, sai Salla zan ɗaura. Ka gaida Alƙasim da Lalla, Allah ya raya su. Gwaggo Yalwa da Umaru suna gaishe ka, Mati ma ya ce a sa sunansa. In surukinka ya iso, ka ce wa Mariama ta ƙara hannu a tukunya, don mutumin da zai zo muku yanzu yana cin tuwo. Ka dube shi da kyau, Yaya. Shi ne wanda kuka ba ni tun farko, ya dawo.

Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarka,
Fatsima