Ƙararrawar Mutanen Dunmore

Ni Wilma Strandberg, mai shekara tamanin da bakwai, na rubuta wannan wasiyya da hannuna, hankalina garau, ko da yake ƙafafuna sun daina jin maganata. 'Ya'yana Orrin, Lorna da Delphine, ku zauna ku karanta tare.

Na ɗaya. Gonar alkama ta Orrin ce, don shi ya san inda ruwa ke kwanciya a cikinta. Gidan na Lorna ne. Delphine ta ɗauki keken ɗinkina da makiyayar bakin rafi.

Na biyu, shi ne mai nauyi. Kun san abin da ake koyarwa a makaranta: an yanko gundumarmu ta Tolliver a 1886, da mutum ɗari huɗu da shanun da suka ninka su. Aka kaɗa ƙuri'a tsakanin garinmu Ansel da Dunmore kan inda za a gina kotu, muka ci, sai ƙararrawar da 'yan Dunmore suka riga suka sayo wa kotun ta ɓace. To, ba ɓacewa ta yi ba. Kakana Gustaf ne ya ɗauko ta a keken doki. Tana ƙarƙashin katakon daɓen rumbunmu, ta kusurwar gabas. Ranar da babana ya nuna mini ita, cewa ya yi, "Ki kama bakinki, yarinya, 'yan Dunmore ko akuya ba su iya riƙewa ba." Na yi dariya, na kuma kama bakina shekara saba'in.

Ku fito da ita, ku wanke, ku kai ta Dunmore da rana tsaka. Ku miƙa wa Vern Kostal, wanda kakansa ya je ya tarbo ta a tashar jirgin ƙasa. Zai kira ku ɓarayi. Ku bar shi, gaskiyarsa ce. In ya huce zai ba ku kofi, ku sha.

Na uku. Orrin, shekara goma sha biyu ke nan ba ka taka gidan Delphine ba, wai don ta auri ɗan Dunmore. Mijinta mutumin kirki ne. Duk gundumar yanzu ba mu kai dubu biyu ba, makarantarmu ɗaya, likitanmu ɗaya. Wa ya rage da za ka ƙi?

A nan aka haife ni, ban taɓa ganin teku ba, ban kuma ji na rasa komai ba. Ku binne ni kusa da mahaifinku. Duk shekara bayan girbi ku ci abinci a teburi ɗaya, ko da kuna fushi da juna, har jikokina su saba. Ubangiji ya yi muku albarka, ya ba ku ruwan sama a kan kari. Na ji daɗin zama uwarku.