Bareyin da Nake Ƙirga wa Baba

Camden, Alabama
8 ga Nuwamba

Zuwa ga ƙanena Percell,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata takardar nan ta same ka lafiya, kai da maiɗakinka Corinne da yara. Allah ya ƙara muku lafiya, ya raba ku da sharrin sanyin Alaska, ya sa albarka a aikinka. Mu nan sai godiya. Gwiwata ta yi sauƙi, har na koma aikina a ɗakin girkin makaranta. Goggo Ozella ta fito daga asibiti, ta ma je coci ranar Lahadi da sandarta. Baffa Lemuel yana nan da bakinsa, bai ragu da komai ba. Baba yana ci yana sha, sai dai idon. Likita ya ce na dama ya tafi, na hagu kuwa haske da duhu kawai yake rabewa. Da kansa ya miƙa wa Baffa bindigarsa a watan Agusta.

Na rubuto ne maimakon in buga waya, domin ko raɗa na yi a ɗakin girki Baba yana ji daga baranda, maganar kuma tasa ce. Ka san gonar bareyi ta bayan rafi, wadda yake shukawa duk kaka tun ba a haife mu ba, don su samu abin ci idan sanyi ya ƙone daji, mu kuma mu ɗauki ɗaya ko biyu mu cika firji. Ka san ƙa'idarsa, ba ya cin naman dajin da bai ciyar ba. Na ɗauka bana zai haƙura. Da na taɓa masa zancen, sai ya ce idonsa ne ya mutu ba bareyin ba. Haka na hau tarakta da girmana, ni da ban taɓa tuƙa ta ba, shi kuma yana biye da sanda yana taɓa kunya, yana cewa ko maciji mai maye ya fi ni miƙe layi. Baffa ya watsa farar ƙasa da taki, muka shuka alkama da waken sanyi da ciyawar nan mai ganye uku da bareyi ke so.

Shukar farko yayyafi ne ya yaudare ta. Ta tsiro, sai sama ta ɗauke har mako uku, rana ta ƙone ta ƙurmus. Muka sake a farkon Oktoba, aka yi sa'a ruwa ya sauka sosai. Percell, ban taɓa ganin gonar nan ta yi kyau irin na bana ba, kore shar daga bakin rafi har gindin itatuwa. Kullum da la'asar sai in ɗauki Baba a mota mu je bukkar dako, inda yake ɓuya idan zai yi harbi, ya zauna a tsohuwar kujerarsa, ni kuma in riƙa faɗa masa abin da nake gani. Bareyi mata uku da 'ya'yansu suna fitowa. Sau biyu wani ƙaton namiji mai ƙaho rassa takwas ya fito, ya tsaya yana shinshina iska. Ranar da na fara kwatanta masa shi, ya riƙe hannuna har sai da na ji zafi.

Ranar Talatar makon jiya na bi ta can da safe ni kaɗai, na tarar aladen daji sun shiga. Ba su bar komai ba. Sun tone gonar daga wannan kai zuwa wancan, ramuka har gwiwa, ga wari. Na daɗe a tsaye ban san me zan yi ba. Baffa ya kafa tarko da masara, ya kama ƙanana biyu, sauran suka gane suka daina kusantarsa. Malamin gona ya zo ya duba, ya ce ko mun sake shukawa su za mu shuka wa, tunda sun ga wuri. Bareyin kuwa tun ranar ko sawunsu ban ƙara gani ba.

Wallahi na yi niyyar faɗa masa a ranar. Amma da na dawo gida na same shi ya riga ya sa hularsa yana jirana a bakin ƙofa. Muka je, ya zauna, ya juyo da fuskarsa wajena ya ce yau guda nawa. Ina kallon jar ƙasa tonanniya, bakina ya ce uku. Tun daga nan kullum sai na ƙirga masa bareyin da babu su. Wata rana biyar, wata rana biyu don kada abin ya yi yawa. Har na ƙirƙiro wata mai ɗingishi, yanzu kuma kullum sai ya tambayi ƙafarta. Ya ba fasto labarin mai rassa takwas, ya ba duk wanda ya tsaya gaishe shi a coci. Ya ce kai za ka zo bikin Godiya na ƙarshen watan nan ka harbe masa shi, wai barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Baffa ya tare ni a bayan coci ya ce, Tine, bareyin nan naki sun fi zomaye haihuwa, ki tuna ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Na ce to ai yayansa ne, tare suka tashi, shi ya faɗa masa mana. Nan take ya tuna motarsa tana ɗigar mai, ya yi gaba. Shi ma idan ya zo gida Baba ya fara labarin, sai ya sunkuyar da kai yana cewa haka ne, Yaya, ƙato ne. Ka ga mun zama biyu.

Abin da ya sa na kasa barin maganar a cikina shi ne na shekaranjiya. Muna isa sai Baba ya ce yau ba zai shiga bukka ba tukuna, yana so ya taka gonar. Na ce warin mutum zai kori bareyi. Ya ce shi ya koya mini wannan, kada in sayar masa da kayansa. Ya kama damtsena muka shiga. Ba mu yi taku goma ba ƙafarsa ta faɗa rami, ya durƙusa. Na yi zan ɗaga shi ya ce in bari. Ya shafa ƙasar da hannu biyu, dama da hagu, iya inda hannunsa ya kai. Ya tsinci wata busasshiyar saiwa, ya murza ta, ya kai hanci. Ina tsaye a kansa ina jiran abin da zai ce, na ma shirya kukan da zan yi. Ya miƙe, ya kaɗe gwiwarsa, ya ce in kai shi kujerarsa.

Muka zauna har rana ta kusa faɗuwa. Sannan ya ce, Tine, yau guda nawa. Na ce huɗu. Ya ce babban fa. Na ce yana can bakin itatuwa, bai fito fili ba. Ya gyaɗa kai ya ce a ƙyale shi ya ci, shi ma ya sha wuya bana. A hanyar gida, da muka zo gada, ya ce in rubuta maka ka zo, kuma ba sai ka wahalar da kanka da ɗauko bindiga ba.

Yanzu ban san wa yake lallashin wani ba tsakanina da shi. Jiya ma mun je, ya tambaya, na ƙirga. Idan na faɗi gaskiya ban san me zai rage masa da la'asar ba, idan na ci gaba kuma ban san ina za mu tsaya ba. Na yi addu'a, na rasa amsa. Ba shawara nake nema ba, don na san kai ma ba ka da ita. Hannu ɗaya dai ba ya ɗaukar jinka. Na san tafiyar da nisa, hutun kuma da wuya, amma ka nema ko na kwana huɗu ne. Ka zo ka zauna a ɗaya gefen nasa a bukkar, ko sau ɗaya ya juya wajenka ya yi tambayar, ni in huta.

Ka gaishe mini da Corinne da kyau, ka ce na gode da rigar sanyin da ta aiko. Ka gaida Jamila da Wendell, su dage da karatu. Goggo Ozella da Baffa Lemuel suna gaisuwa. Baba ya ce a gaishe ku duka, Allah ya yi muku albarka.

Yayarka mai ƙaunarka,
Ernestine